Littafin aikin ƙungiyar lissafi: mu da 2,147,483,647

Alhamis, 10 ga Oktoba 2024

Yau muka tsayar da aikin wannan zangon. Yara goma sha biyu ne a ƙungiyar, maza takwas mata huɗu, duk 'yan babban aji biyu. Bara hatimi muka yi, wato jera lambobi a gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, saboda in nuna musu cewa ɗan ƙasar Katsinar nan, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutu a kan wannan fanni tun 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Bana na ce lamba ɗaya tak za mu kama, mu yi mata tankaɗe da rairaya.

Na rubuta 2,147,483,647 a allo, na ce wani ya karanta mana da Hausa. An sha dariya kafin a dace: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Asalinta 2 ce aka ninka da kanta sau 31, aka cire 1. Tambayarmu ita ce ko akwai lambar da ke raba ta ba saura, ban da 1 da ita kanta. A aji irin wannan lamba firam muke ce mata, amma yaran sun laƙaba mata gagara-raba, kuma sunan ya fi mini daɗi.

Ban ɓoye musu ba, masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa gagara-raba ce tun 1772, lokacin ma idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya. Wani daga baya ya ɗaga hannu: "To Malam, tunda an riga an sani, wahalar me za mu sha?" Na ce kai ma ai an san amsar jarrabawarka kafin ka zauna, amma ba a yafe maka rubutawa ba.

Kashe kuɗi: littattafan rubutu huɗu N1,600, kwali uku N750, maka N500. Daga aljihuna.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gwaji na sama-sama. Mara ce, ba cika ba, don haka 2 ta fita. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Alƙalumanta goma in an tara 46 ne, 3 da 9 sun fita. Daga nan muka gwada 7, 11, da 31 da dogon rabawa a allo.

Shugabar ƙungiyar, yarinya mai shiru-shiru da ke zama bakin taga, ita ta fara lura. "Malam, ai kullum saura ɗaya ake samu." Haka ne kuwa: 3, 7, 9, 11, 31, duka saura 1. Ban shirya wannan ba, sai da na koma gida na zauna da shi. Dalilin mai sauƙi ne: in ka cire mata 1, abin da ya rage, 2,147,483,646, daidai yake da 2 × 9 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Maƙwabciyarta ta ƙasa tana farfashewa kamar tsohuwar tukunya, ita kuwa ko tsaga babu. Ta saman nan, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai biyu-biyu har 31.

Litinin, 21 ga Oktoba

Minti ashirin kawai muka samu a lokacin tara. Mun nemo inda za mu tsaya: 46,340 sau kanta 2,147,395,600 ne, 46,341 sau kanta kuma ya zarce lambarmu. Ke nan in tana da mai raba ta, dole ɗaya ya kasance bai wuce 46,340 ba. Lambobin mara da ke ƙasa da nan sun haura dubu 23. Fuskokin yara suka canza.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana na nawa ke nan ba wuta, kuma ba mu kaɗai ba, kusan Arewa duka. Na ba da cajin waya N200 a bakin kasuwa, ina kunnawa na ci karo da labarin da ya zo mana a kan gaɓa: ranar Litinin aka sanar da sabuwar gagara-raba mafi girma da aka sani, 2 sau kanta sau 136,279,841 a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. Wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano ta a ƙarƙashin shirin GIMPS na masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta. Danginsu ɗaya da tamu, dangin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya fitar da jerinsa a 1644. Tamu ce ta takwas a dangin, sabuwar ita ce ta 52 da aka sani. Na karanta wa yara, suka ce ashe tamu jaririya ce.

Sai babban aikin yau, rage dubu 23 ɗin nan. Dabarar da Euler ya bi ke nan, kan harsashin da masanin lissafi Bafaranshe Fermat ya aza. Duk gagara-rabar da za ta raba lambarmu, wato 2^31 − 1, dole in an cire mata 1 ta rabu da 31, kuma tunda mara ce, ta rabu da 62. Wato siffarta 62k + 1. Ban tsaya dogon hujja ba, misali na ba su: 2^11 − 1 shi ne 2,047, wato 23 × 89, kuma 23 ita ce 22 + 1, 89 kuma 88 + 1. Haka 47 ke raba 2^23 − 1, ita ma 46 + 1 ce. Da wannan kaɗai muka faɗo zuwa lambobi 747.

Sharaɗi na biyu: mai rabawar in an raba ta da 8, saura 1 ko 7 za ta bari. Wannan hujjarsa ta fi ƙarfin ajinsu, na ce su karɓa bashi, su duba 23 da 89 da 47 su gani. Sharuɗɗan biyu in an gama su, siffa biyu ce ta rage: 248n + 1 da 248n + 63. Jerin ya fara da 63, 249, 311, 497, 559, 745, ya ƙare a 46,191. Guda 373.

Muka soke masu rabuwa da 3 da 5, saura 198. Muka soke na 7, saura 169. Akwai sauran gauraye a ciki, irin su 559 da ke 13 × 43, amma na ga tace su zai fi gwada su cin lokaci. Na raba yara gida huɗu, uku-uku: gida uku 42 kowanne, na huɗu 43.

Litinin, 28 ga Oktoba

Matsalar da ban hango ba. Kalkuleta huɗu yara suka kawo, uku irin na masu shago ne, alƙaluma takwas suke ɗauka. Lambarmu goma ce. Kana kaiwa 21474836 ya ƙi karɓar sauran. Waya kuma dokar makaranta ta hana, kuma ba zan je gaban shugaban makaranta neman alfarma a kan wannan ba.

Mafita: a gutsura lambar biyu. A fara raba 2,147,483, a ɗauki saura, a manna masa 647 a baya, a sake rabawa. Tunda saura ba zai kai 46,340 ba, lamba ta biyun ba za ta wuce alƙaluma takwas ba. Na yi musu 311 a allo: 2,147,483 ya ba da 6,905 saura 28, sannan 28,647 ya ba da 92 saura 35. Ke nan 311 ba ta raba ta. Suka ce sun gane. Na sayi batir N300.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Rabawa kawai. An yi 58. Babu wadda ta raba. 1,303 ta bar saura 226, na duba da kaina.

Litinin, 4 ga Nuwamba

An kai 101. Gida na uku sun gama nasu 42 tas, suna ta yi wa sauran tsiya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar takaici. Tun daren Litinin abin ke damuna: aikin da amsarsa kullum "ba ta raba ba" ce, ta yaya zan bambance wanda ya yi daidai da wanda ya yi shirme? Duka amsa ɗaya za su kawo mini. Ko yaro ya kwanta barci ya tashi ya rubuta "a'a" sau 42, ya ci. Saurin gida na uku kuma bai kwanta mini ba.

Sai na ɗana tarko. Na ba kowane gida wata lamba dabam, 536,870,911, na ce su gwada ta da 59, 233 da 349, ban ce komai a kanta ba. Ita ce 2^29 − 1, kuma na san 233 × 1,103 × 2,089 ce. Gida uku suka yi ihu cikin minti biyar, sun samu: 536,870 ya bar saura 38, sannan 38,911 ya ba da 167 cif. Gida na uku suka kawo mini takarda, wai babu wadda ta raba.

Na ja benci na zauna tsakiyarsu, na ce a sake a gabana. Mai riƙe da kalkuleta ya danna 536870 ÷ 233, gilashin ya nuna 2304.1630. Ya ce, "Saura sha shida." Ya rubuta 16, ya manna 911, ya raba 16,911, ya sami 72 da ɗigo, ya ce ba ta raba ba. Abin da ke bayan ɗigo suke ɗauka a matsayin saura. Na buɗe littafinsu, shafi huɗu, layi 42 a tsare da rula, rubutu mai kyau kamar na akawu, kuma ko ɗaya babu na ɗauka. Da zarar saura na farko ya karkace, rabawa ta biyu wata lamba ce can dabam ake gwadawa, ba tamu ba.

Na so in yi faɗa, sai na tuna misalin da na yi a allo. Na rubuta "saura 28" ne kawai, ban nuna daga ina 28 ta fito ba, domin ni a kaina na ninka 311 da 6,905 na cire. Sauran gidajen sun cike giɓin da kansu, waɗannan ba su cike ba. Rabin laifin nawa ne, na kuma faɗa musu haka. Ƙaramin cikinsu idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, duka za mu sake?" Na ce duka.

Sabuwar doka daga yau. Kowane layi sai an rubuta abu huɗu: mai rabawa, amsa, saura na farko, saura na ƙarshe. Sannan a auna da tara: a tara alƙaluman mai rabawa da na amsa, a ninka, a ƙara na saura, dole a dawo kan 1, domin lambarmu saura 1 take bari in an raba da 9. Na 311, mai amsa 6,905,092 da saura 35: 5 sau 4 ashirin, a ƙara 8, 28, wato 10, wato 1. Awon tara ba ya kama kowane kuskure, in ka juya alƙaluma biyu ba zai gani ba, shi ya sa na ƙara da cewa gida na ɗaya su duba na biyu, na uku su duba na huɗu. Ƙidayarmu, da ta kai 116 zuwa yau, ta koma 74. Sabon littafi N400.

Abin ya sa na ƙara jinjina wa mutanen da. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287 a 1588 da hannu, amma da ya wuce inda ya gwada ya shiga hasashe, ya ce 2^23 − 1, 2^29 − 1, 2^31 − 1 da 2^37 − 1 ma gagara-raba ne, ɗaya kawai ya dace, tamu. Mersenne kansa ya saka 67 da 257 da ba su cancanta ba, ya tsallake 61, 89 da 107.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yara bakwai suka zo. Kaka ta yi, an tafi da wasu gona ɗaukar wake da yankan dawa. An yi 19.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na ga gajiya a fuskokinsu, na ce yau a ajiye rabawa, mu duba wasu halayen lambar.

Ba ta da tagwai. Gagara-raba biyu da 2 ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, su ake kira tagwaye. Tamu in an ƙara 2, ana samun 2,147,483,649 wadda 3 ke rabawa, in an rage 2 kuma ta ƙare da 5. Sannan 31 ɗin da ke kanta ita ma 2^5 − 1 ce, wato Mersenne a kan Mersenne. Irin waɗannan huɗu kacal aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1.

Wanda ya fi armashi shi ne na murabba'i, wato lamba sau kanta. Lagrange ya nuna a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta da murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Tamu saura 3 take bari a 4, don haka biyu ba za su yi ba. Saura 7 take bari a 8, uku ma ba za su yi ba. Sai huɗun cif. Na ce a nemo su.

Kowa ya ruga ga mafi girma, 46,340. Aka cire murabba'inta, saura 88,047. Kusan rabin awa ana neman murabba'i uku da za su haɗa wannan, ana cire 296 sau kanta, ana cire 295, abu ya ƙi. Ni ma ina ciki, ban ankara ba. Shugabar ƙungiya ce ta raba 88,047 da 8, ta ce a hankali, "Malam, wannan ma saura bakwai ne." Ashe ramin da muka gama bayaninsa muka faɗa. Muka ja baya taki ɗaya zuwa 46,339, saura 180,726. A cire 425 sau kanta, saura 101, wato 100 da 1. Ga shi:

46,339² + 425² + 10² + 1² = 2,147,483,647

Wannan layin su suka samo shi, ba a littafi na gani ba. An rubuta shi da jar maka a kwali.

Litinin, 18 ga Nuwamba

An kai 140. Awon tara ya kama kuskure uku, duka na kwafe lamba daga gilashin kalkuleta.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An gama 169. Ta ƙarshe 46,129: amsa 46,553, saura 40,310, awon tara ya dawo kan 1. Gida na uku na bari suka yi ta, a allo, gaban kowa. Babu ko ɗaya da ta raba. Na sayo ƙosai da biredi na N2,000, aka ci a ƙarƙashin darbejiya.

Wani ya tambaya ko yanzu mun tabbatar. Na ce mun tabbatar bisa sharaɗin cewa dokar 8 ɗin nan da kuka karɓa bashi gaskiya ce, kuma hannuwa goma sha biyu ba su yi kuskure iri ɗaya sau biyu ba. Ina son shaida ta biyu wadda ba ta bi ta wannan hanyar ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

A gida, ni kaɗai. Gwajin Lucas da Lehmer. Édouard Lucas da irin wannan hanya ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876, Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930, kuma ita ce har yau ake tabbatar da manyan dangin Mersenne da ita. A fara da 4. A ninka da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Ga 2^p − 1, taki p − 2 ake yi. In an ƙare a sifiri, gagara-raba ce, in ba haka ba, ba ita ba ce.

Darasin ranar 7 ga wata bai bar ni ba, sai da na fara da waɗanda na san amsarsu. 127: 4, 14, 67, 42, 111, 0. Daidai. 2,047: 4, 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Bai ƙare a sifiri ba, daidai, tunda 23 × 89 ce.

Tamu taki 29 take so. Na ari kwamfutar ƙanena, na buɗe manhajar tebur ta lissafi. 4, 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, lafiya lau. Taki na gaba ya lalace. Lambar da ya kamata ta fito ita ce 2,005,956,546,822,746,114, alƙaluma 19, manhajar kuwa 15 take riƙewa, sauran ta mai da su sifiri ba sallama. Saura kuma a wutsiyar lamba yake zaune. Awa ɗaya na ɓata ina zargin kaina kafin na ƙirga alƙaluman. Wannan takin na yi shi da biro, ya ba ni 669,670,838, na ga in na ce haka zan yi sauran 24 sai an yi kiran asuba.

Na sayi data N1,000 na sauke Python, manhajar rubuta wa kwamfuta umarni, a waya, domin shi ba ya yanke lamba komai tsawonta. Layi huɗu na rubuta. Takinsa na biyar ya yi daidai da na birona. Na 28 ya ba da 65,536, na 29 ya ba da 0. Na daɗe ina kallon 65,536 ɗin nan: 2^16 ce, sau kanta 2^32, a cire 2, ka sami lambarmu sau biyu daidai. Mako huɗu na yara, waya ta yi shi kafin in ɗaga yatsa. Matata ta leƙo ta ce tuwo ya huce.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na nuna musu sifirin. Ban yi zaton zai burge su ba, ya kuwa burge su.

Sai cikakkiyar lamba, wadda masu raba ta in an tara su suke ba da ita kanta, kamar 6 da ke 1 + 2 + 3, ko 28. Tun zamanin Yuklid aka san cewa kowace gagara-raba ta wannan dangi tana haifar da guda. Tamu a ninka ta da 2^30, wato 1,073,741,824, a sami 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas, mai masu rabawa 62. Da hannu muka ninka a allo, layi goma, sau biyu muna gogewa. Ita kanta lambarmu akasin haka take, duk abin da ke raba ta a ƙasa da ita 1 ne kawai.

Abin da ya fi kama su shi ne na kwamfuta. A lissafin sifiri da ɗaya, lambarmu ɗaya-ɗaya ce guda 31 a jere, kuma ita ce iyakar abin da ma'aji mai gurbi 32 ke ɗauka in an ware gurbi ɗaya na alamar ƙari ko ragi. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. Daƙiƙa 2,147,483,647 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya. Wadda ba a gyara ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta koma Disambar 1901. Nan take suka hau lissafin shekarunsu a lokacin. Ɗaya ya ce shi talatin zai yi, yana da mata biyu.

Alhamis, 5 ga Disamba

Jarrabawa ta fara, ba zama. An manna kwali biyu a bangon aji, na ukun hunturu ya ɓalle shi, sai an nemo ƙusa. Jimlar abin da na kashe N6,750. Shugaban makaranta ya tsaya ya karanta kwalin, ya ce in rubuto takarda a duba ko za a mayar mini. Na ce to, ranka ya daɗe.

Zango mai zuwa 4,294,967,297, wato 2^32 + 1, wadda Fermat ya zaci gagara-raba ce. Wannan karon akwai abin samu, kuma ba nisa, amma ba zan faɗa musu ba. Abin da nake buƙata kafin nan: kalkuleta biyu masu alƙaluma goma sha biyu, da hanyar da zan bi in biya su bashin dokar 8 ba tare da na rikita su ba. Littafin gida na uku na farko, mai layi 42 ɗin nan, na ajiye shi a durowa, da shi zan buɗe zaman farko.